Wanda Ya Tare Ni a Hanyar Rogo

Jama'a, abin da zan ba ku labari ba ji na yi a bakin wani ba, da ni ya faru, kuma Allah shi ne shaidata ko gishiri ban ƙara masa ba. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin ina aikin malamin gona a Karaye, kullum ina kan wani tsohon babur ina zaga ƙauyuka, yau ina duba gyaɗa, gobe ina fama da manoma a kan yadda ake zuba taki. A cikin wannan yawon ne na hango motar a Kwanyawa, a bayan gidan wani Alhaji mai awon gyaɗa, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da ita akurki.

Ƙaramar motar nan ce da ake ce wa kunkuru, mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Sai dai ita wannan buɗaɗɗiya ce, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya, ko da yake a lokacin ba abin da ya rage na rufin sai ƙarafa da 'yan tsummoki. Ni dai ban san me ya shiga raina ba, duk ranar da na bi ta wurin sai na tsaya na zagaya ta, har Alhajin ya gaji ya ce in ina so in zo in ɗauke ta in rage masa datti, shi ma a hannun wani ya karɓe ta, kuma bai taɓa jin daɗinta ba. Muka daidaita. Da shanun huɗa aka fizgo ta daga inda ta kafe, yara na bin mu suna dariya, matata kuwa da ta ji labari cewa ta yi ashe akurki na sayo mata.

Garejin Sale makanike na kai ta, nan cikin Karaye. Sale mutum ne mai ƙarancin magana, ya yi kusan awa yana shiga ƙarƙashinta yana fitowa, sannan ya goge hannu ya ce, "Malam, wanda ya taɓa motar nan kafin mu ba ƙaramin gwani ba ne." Ya nuna mini yadda aka ɗaga ta sama don ta iya hanyar ƙauye, aka ƙara mata fitilu biyu a gaba, aka sa mata hon irin na babbar mota. Saboda waɗannan ƙare-ƙaren kuma aka yanke ɗan gidan batirinta na asali aka yi waldar wani babba a wurin. Ita irin wannan motar, don wanda bai sani ba, batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake zaune.

Wata bakwai muka yi muna fama. Duk ƙarshen mako ina motar Kano neman kayan gyara, yau ringi, gobe kafireta, jibi a ce fambel ɗin da na sayo ba nata ba ne in koma. Mai walda ya toshe ramukan da tsatsa ta ci a ƙasanta, muka yi mata fenti ruwan madara, wani mai ɗinkin tamfol ya ɗinka mata sabon rufi, kujerun kuma tun farkon aiki muka cire su muka kai wa mai kushin, ya cika su da audugar rimi ya lulluɓe da jar leda. Sale ya sa sabon batir babba daidai gidan da ya tarar. Ranar da injin ya tashi, wallahi sai da na ji ƙwalla ta zo mini, na tsaya ina sauraron ƙarar nan tata mai kama da ta keken ɗinki kamar ana yi mini kiɗa. Kujerar baya ita ce abu na ƙarshe da aka ɗora, muka zaga gari ni da Sale sau uku, mu biyu a gaba, lafiya ƙalau. Ba wanda ya taɓa zama a baya.

Ana cikin haka ƙanwata da ke aure a Rogo Ruma ta haihu, na ce to ga ranar da zan fito da mota. Mahaifiyata, Inna, ita zan kai wurin suna. Ni ne ɗanta na fari, kun dai san yadda iyayenmu suke da kunyar ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna kusa da ni a gaban mota jama'a na kallo. Na yi na yi, ta ce ita baya za ta zauna. Inna kuwa mace ce mai jiki, Allah ya jiƙanta. Kayan barka muka ɗora a kujerar gaba, jarkar fetur kuma da na tanada saboda hanya na ajiye ta a ƙasa kusa da ƙafarta. Na naɗe rufin don mutane su gan mu da kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba, akwai son a sani a ciki.

Ƙarshen damina ne, an yi ruwa jiya, hanya duk taɓo da ramuka, mota na tsalle muna tafiya. Hantsi ya ɗaga sosai, rana tar. Mun yi nisa, mun shiga wani fili da ba gida ba bishiya sai gonakin gyaɗa hagu da dama iya ganinka, sai na ga mutum tsaye a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu. Ni dai ban ga inda ya fito ba. Dogo ne siriri, da furfura a gemunsa, yana sanye da shuɗiyar rigar makanikai wadda ta koɗe, hannun da ya ɗaga kuma babu rabin ɗan yatsa na tsakiya. Na danna masa hon ɗin nan mai firgita shanu, ko gezau. Raina ya ɓaci, har na yi niyyar kauce masa in wuce, sai dai hanyar ba faɗi, dole na taka birki.

Ya yi sallama a gurguje, ya ce, "Malam, kashe mota." Bai jira ni ba ya juya wajen Inna, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Iya, yi haƙuri ki sauko yanzu, kada ki tsaya ɗaukar komai."

Inna da ba ta cika bin maganar baƙo ba, sai na ga ta miƙe. Na turo kujerar gaba ta fito. Tana ɗagawa na ga hayaƙi siriri na fitowa ta gefen ledar da ta tashi a kai. Na kama kujerar na ɗaga, iska na shiga sai wuta ta kama bal. Ashe nauyinta ya danne wayoyin ƙarfen cikin kujerar sun sauka a kan kawunan batir, duk ramin da muka faɗa sai sun haɗu sun ba da tartsatsi, ƙarfen ya yi ja, audugar rimi tana ta ci a ɓoye, mu kuwa da yake mota a buɗe take iska na kwashe ƙaurin tana yin baya da shi. Jarkar fetur tana nan tsakaninta da wutar bai fi taku ɗaya ba.

Ban san lokacin da na fizgi jarkar na yi jifa da ita cikin gona ba. Na jawo kujerar waje na kife ta a taɓo, na dinga ɗibar jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu ina watsawa a cikin motar. Ina cikin haka ina jin muryar mutumin a bayana, a natse kamar mai koya wa ɗalibi, yana cewa in fara kwance wayar da ke haɗe da bodi, sifana mai lamba sha uku. Sai kuma ya ce, "Ni na yi gidan batirin nan. Na ce zan yi masa murfi, Allah bai nufa ba."

Na kwance wayar, na tabbatar wuta ta mutu, na miƙe na juya don in yi masa godiya. Ba kowa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, filin nan ko akuya ce ta gifta sai ka gan ta, gyaɗa ba ta kai gwiwa ba, amma babu mutum gabas babu yamma. Inna na tsaye a gefen hanya tana ta salati, bayan zanenta ya yi baƙi ya ƙanƙance kamar an ɗora dutsen guga. Na ce, "Inna, ina mutumin?" Ta ce, "Yanzu yake nan." Can ta ƙara da cewa ita tun ɗazu take jin zafi, ta ɗauka haka motar take tunda injin a baya yake, kuma ta ji nauyin yi mini magana. Sannan ta ce, "Ka lura da ƙafarsa? Ba takalmi, kuma ko ɗigon taɓo babu."

Na zauna a bakin hanya. Ba tsoro ne ya fi yawa a raina ba a lokacin, wani irin sanyi ne, ina kallon tsohuwar nan tsaye da ranta ina ta maimaita alhamdulillahi. Da na dawo hayyacina na mayar da wayar, na rufe batirin da robar taka ƙafa, na ɗaure ƙonanniyar kujerar a baya da igiya, mota ta tashi bugu ɗaya. Ranar dai dole Inna ta zauna a gaba, kayan barka a cinyarta, ta kau da kai gefe har muka isa.

Bayan an ci abincin suna muna zaune da maza a ƙofar gida, mutane sun kewaye motar suna kallo, sai wani dattijo maƙwabcin surukanmu ya ce shi fa ya san motar nan ko da an sake mata fenti, ta Idi makanike ce na cikin garin Rogo. Na ba su labarin abin da ya faru a hanya, na siffanta mutumin, da na zo kan guntun yatsa sai dattijon ya ce, "Idi ka siffanta. Amma Idi shekara huɗu ke nan bai taka ƙasa ba, ɓarin jikinsa ya shanye, dalilin sayar da motar ma ke nan." Na ce yana raye? Ya ce da ransa, in ina so mu je yanzu.

Bayan la'asar muka tafi ni da shi. Matar Idi, wata dattijuwa mai fara'a, ta yi mana iso zuwa wani ɗaki kusa da zaure. Yana kwance a kan katifa an jingina shi da matashi, ya rame ƙwarai, amma wallahi shi ne, gemun, idon, yatsan. Ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi, fes, tafin ya yi laushi irin na wanda ya daɗe bai taka ƙasa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, sannan da bakinsa da ya karkace, kalma ɗaya-ɗaya, ya ce, "Iya ba ta ƙone ba dai ko?"

Ba wanda ya riga mu zuwa gidan nan da labari. Na ce lafiyarta ƙalau, Baba, zane ne kawai. Ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefe ɗaya. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, yaya aka yi?" Ya ce, "Ni ma barci na yi, Malam." Iyakar abin da na samu daga bakinsa ke nan. Ya yi wa matarsa nuni da ƙarƙashin gado, ta jawo wani kwali, ta fito da wata baƙar roba mai kauri da aka yanka daga tsohuwar taya, an gyara gefunanta tsaf. Ta ce ita yake yankawa ranar da ciwon ya buge shi, kuma tun daga nan ba ya wata guda bai yi zancen motar ba, yana cewa ya bar tarko a cikinta, sun aika a gaya wa wanda ya saya, aka ce ai ta wuce hannu, ba a san inda take ba. Na fita na gwada robar a kan batirin, ta zauna daram.

Da za mu tafi matar ta biyo mu har zaure, ta rage murya ta ce akwai abin da ba ta so ta faɗa a gabansa. Da hantsi, in ji ta, barci mai nauyi ya ɗauke shi, ta yi ta tashinsa bai motsa ba har ta fara tunanin kiran maƙwabta. Tana tsaye a kansa sai ɗakin ya cika da ƙaurin auduga, ta ɗaga katifa, ta duba bayan ƙofa, ta leƙa madafi, ba wuta ko'ina a gidan. Tana dawowa ta tarar ya farka yana haki kamar wanda ya sha gudu, ya ce ta ba shi ruwa.

Na kai maganar wurin wani malami da nake girmamawa a Karaye, ya saurara har ƙarshe, ya ce in yi sadaka in gode wa Allah, abin da ya fi ƙarfin saninmu mu bar wa Masani. Haka na yi. Na ci gaba da zuwa gaida Baba Idi har Allah ya karɓi abinsa a daminar da ta biyo, bai sake ta da zancen ba, ni ma ban sake ba. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan nan, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne.

Shawarata gare ku, duk wanda ya sayi tsohon abu, mota ce ko inji ko ma gida, ya daure ya nemi wanda hannunsa ya fara taɓawa ya tambaye shi abin da ya bari bai ƙarasa ba. In kuma kuna tafe wani ya tsaya muku a hanya da rana tsaka, ku yi addu'a, ku yi hattara, amma kada ku yi saurin zaginsa. Ni dai har yau in na ji ƙaurin auduga, ko a ina nake, sai na waiwaya na ga ko da mutum a bayana.