Kyanwa da Ɓera a Gaban Sufeto

Ban taɓa mantawa da ranar wata Talata ta zangon karatu na biyu ba, da misalin ƙarfe goma na safe. Mu uku ne zaune a bayan ajin 'yan firamare ɗaya: ni, da Hajiya mai makarantar, da sufeton da aka turo duba koyarwa. Malama Ngozi tana gaban allo.

Bari in yi bayani domin waɗanda ba malamai ba. Bayan na yi ritaya, na karɓi shugabancin wata ƙaramar makarantar kuɗi a Kwararafa. A can, sabon malami yakan yi zango guda na gwaji, rahoton sufeto kuma shi ke sa a riƙe shi ko a sallame shi. Malama Ngozi tana cikin nata gwajin, Hajiya kuwa ta riga ta gaya mini: "Baba, ajin yarinyar nan kasuwa ne. In rahoto bai yi kyau ba, sai ta nemi wani wurin."

Darasin ranar shi ne gajerun kalmomin Turanci masu ƙarewa da harufa iri ɗaya: cat, rat, mat, hat, bat, wato kyanwa, ɓera, tabarma, malafa da jemage. A makarantar mishan aka horar da ni cewa kalmar da yaro bai san ma'anarta ba ƙara ce kawai a bakinsa. Don haka tun kafin ranar na umarci Malama ta ba kowane yaro kalma guda, ya zo da abin daga gida. Game da dabbobi, hoto nake nufi. Sai dai iyayen unguwar sun san ba na karɓar aikin rabi da rabi.

Tabarma ta zo, malafa ta zo. Mahaifin wani yaro, Dung, ya aiko da ban haƙuri, wai jemage ya gagari kamu. Safiya ta fito da kyanwar kakarta daga kwando. Sannan Chinedu, wanda mahaifinsa ke da shagon hatsi, ya ɗaga tarkon waya sama cikin alfahari, da ƙaton ɓera a ciki, da ransa.

Malama ta dube ni. "Baba, kyanwa ya gan shi!"

Kafin in miƙe, kyanwa ta yi tsalle, tarko ya faɗi, ƙofarsa ta ɓalle. Aji ya ruɗe! Hajiya ta haye benci tana salati. Sufeto ya ɗage ƙafafunsa sama. Na ce a raina aikin yarinyar nan ya tafi.

Ita kuwa, maimakon ta nemi a yi shiru, sai ta ɗaga murya ta yi tambaya da Turanci: ina ɓeran yake?

"On the mat!" in ji yara gaba ɗaya, suna nuna tabarma.

Wa ke binsa?

"The cat! The cat!"

Dung ya kifa wa ɓeran malafa, kyanwa ta haye kanta ta zauna daram. Nan take Malama ta ruga allo ta rubuta sat, ta ce musu ma'anarta ya zauna. Yara suka ɗauka: "The cat sat on the hat!" Ban san lokacin da na miƙe ina buga sandata a ƙasa, ina cewa a maimaita ba.

Sufeto ya sauke ƙafafunsa, ya nuna tumbinsa, ya tambayi yara da Hausa ko akwai kalmar mai ƙiba a cikin wannan dangi. Malama ta rubuta harufa biyun ƙarshe, shi kuma ya ba su sautin farko, suka haɗa da kansu: "Fat!" Ya yi dariya har da hawaye.

"Malama, wannan shiri ne?" in ji sufeto.

"Oga, wallahi ni ma yanzu na gani."

Hajiya ta ce daga kan benci, "To, a fitar mini da shi tukuna, sannan a yi hira!"

Da aka tashi, na kira Malama na nuna mata cewa rubutunta a allo ya karkace, na sa ta sake shi. Amma ga abin da nake gaya wa ƙananan malamai: shirya darasi wajibi ne, malami kuwa sai shiri ya rushe ake gane shi. Iyayen garin nan kuma, in ka ce su kawo abu, ka faɗi girmansa, ka faɗi ko mai numfashi ne.

An tabbatar wa Malama Ngozi aikinta a ƙarshen zango, aka kuma hana shigo da dabba mai rai aji.