Kwamfutar da Na Saya Saboda Fuskar Mijin Ƙanwata

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina sana'ar hoto a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Kware a Sakkwato. Labule ɗaya gare ni mai zanen gidan bene, da kujera, da furen roba. Duk wanda na ɗauka ina ajiye fim ɗinsa, wato baƙar ledar nan da ake wanko hoto daga jikinta. In sa a ambulan, in rubuta suna da ajami, in jefa cikin akwatin ƙarfe. Akwati uku na cika. Ko bayan shekara goma mutum ya dawo ya ce gara ta cinye hotonsa, sai in buɗe in wanko masa wani.

Ni na ƙone su da hannuna, ba wanda ya sa ni. A lokacin na fara zama da wasu abokai da ke ganin hoto babban laifi ne. Ni ba malami ba ne, a firamare karatuna ya tsaya, kuma har gobe ba zan yi gardama da masu ilimi a kan hukuncin ba. Abin da na sani shi ne abin da ke zuciyata a ranar. So nake a nuna ni a majalisa a ce wane ya tuba. Shi ya sa ban kai akwatunan bayan gida ba. A ƙofar shago na zuba musu kananzir da hantsi, inda kowa zai gani. Kayan ma ba nawa ba ne, amanar mutane ce.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Sai na wuce unguwar Gidan Dare wajen ƙanwata, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta direba ne, mota ce ta faɗi da shi. Hotonsa guda ɗaya ne, ni na ɗauka, yana rataye a bangon ɗakinta. Na cire shi tana riƙe da hannun rigata tana cewa, "Yaya, don Allah. Ɗiyan ga ba su san shi ba." Na fizge hannuna na fita. Daga ranar ba ta daina gaishe ni ba, amma gaisuwar ta zama irin wadda ake yi wa maƙwabci.

Bara likita ya ce idonta na dama ya tafi, na hagu kuma yana bin sa a hankali, kuma ba yana ba ce balle a kankare. Da na ji haka sai na tuna wani abu. Marigayin shi ke kai ni ƙauyuka ɗaukar hoton biki da suna, kuma mutum ne da ba ya ganin an jeru gaban kyamara bai kutsa ba. Hotunan nan suna can a ɗakunan mutane, inda wutata ba ta kai ba. In ina so ta sake ganin fuskar mijinta, sai in nemo ta kafin idon hagun ya rufe.

Wata huɗu na yi ina bin ƙauyuka da wayar hannu. Na samo shi a wani ƙauye can bayan Gwadabawa, gidan wani tsoho manomin shinkafa. Hoton auren tsohon ne, maza sun jeru gaban mota, ga direba a gefe ya ɗora ƙafa kan taya. Na roƙi tsohon ya ba ni aro, ya ɓoye hoton a bayansa.

"Ba kai na mai ƙone hotuna ba? Labarinka ya iso muna tun tuni. Ɗauka da wayarka nan gabana, ka ba ni abina."

Na ɗauka. Da na sauka tasha a Sakkwato, cikin turmutsutsun masu sauka da masu hawa, na sa hannu a aljihu na ji wayam. An zare wayar, da wahalar wata huɗu a cikinta.

Babban ɗana ma'aikacin gwamnati ne, gidansa na unguwar Gawon Nama. Da ya ji labari ya zo ya same ni a zaure.

"Baba, wagga ishara ce. Ka zamna gida. Hanya ba lahiya, kai ma ka sani. In saya maka sabuwar waya, amma da sharaɗin ba ka ƙara tahiya."

"Sharaɗi za ka gindaya mani?"

"Ba haka nika nuhi ba. Kuma wayoyin yanzu suna aje hoto can sama ta intanet, ko an sace ba ya ɓata."

Na ce masa ƙauyen da na je, sai an hau kan suri ake samun kiran waya, balle wani sama. Ni abin da sana'a ta koya mini shi ne, hoton da ke wuri ɗaya tak a bakin ɓata yake. Ina bukatar akwati na biyu da zan riƙa zuba hoto a ciki tun ban bar ƙofar gidan da na ɗauka ba. Na ce ya ara mini kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Ya ce ta ofis ce. Na ce madalla.

Ina da raguna biyu da nake kiwo don in sayar da Babbar Salla. Na kai su kara, kasuwar dabbobi, tun ba su gama cika ba, na karɓi abin da aka ba ni. Uwar 'ya'yana ta cire layinta ta miƙo mini wayarta. Na ɗauki jakar fata da nake tafiya da ita, na nufi layin masu sayar da kwamfuta.

Shagon da na shiga na wani mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu. Kirista ne, iyayensa malaman makaranta ne daga kudancin Kaduna, amma a nan aka haife shi, Sakkwatancinsa har ya fi nawa kauri.

"Sannu da zuwa, Baba. Jikanka za a saya ma?"

"Kakan jikan za a saya ma."

"To, Baba zai shiga harkar kallon him ke nan!"

Ya sauko da wata faffaɗa mai sheƙi kamar tiren shayi, ya fara jero mini sunayen abubuwan da ke cikinta da Turanci. Na bar shi ya gama. Na ɗora jakata a kan tebur na buɗe. Darduma ce a ciki da riga ɗaya da kwalbar magani. Na ce wadda za ta shige nan ta bar wa darduma wuri nake so, ta hannu ba sabuwa ba, kuma kada ta fi mudun gero nauyi, don kafaɗata ta dama ta daina ɗaukar raini. Ya kawo uku ƙanana. Ɗaya ta ƙi shiga jaka, na ture ta gefe. Na nuna ta biyu na tambayi batirinta.

"Awa biyar, Baba, ba ƙarya."

"To cire mata wayar caji."

Ya cire. Na je na yi azahar na dawo, na ja benci na zauna ina kallon ta a kunne. Ya zaci wasa nake. Mutane suna shigowa suna tambayar ko lafiya, yana ce musu, "Baba na gadin batir." Tun ba a kira la'asar ba fuskarta ta yi baƙi. Na dube shi, ya dubi silin.

"Awa biyar ɗin ta Turai ce," in ji shi. "Can babu zahi."

Washegari na koma na zauna wa ta ukun. Mummuna ce, murfinta duk ƙarce, maɓalli ɗaya yana rawa, faɗinta bai wuce ɗan ƙaramin allo ba. Wannan karon bai yi mini daɗin baki ba.

"Baba, in gaya maka gaskiya, wagga ba ta da gudu. In ka buɗe abu biyu lokaci guda sai ta kama nishi."

"Ni ma haka nike. Hoto nawa taka ɗauka?"

"Ko ka ɗauke mutanen Sakkwato da awakinsu ba ta cika."

Ta wuce la'asar, ta kai har aka fara rufe shaguna tana nan da ranta. A zaman jiran nan ne ya tambaye ni abin da zan yi da ita, na ba shi labari ban rage komai ba, har da kananzir. Can ya ce mahaifinsa ma a Ƙofar Kware aka ɗauke shi hoton kama aiki, bai san ko a wane shago ba ne. Sai ya ɗauko igiya ya haɗa wayar da kwamfutar, ya nuna mini inda zan danna, da yadda zan ja hoto in sake shi a ɗaya ɓangaren. 'Yar kibiyar da ke yawo a gilashin tana gudu ta bar ni. Na yi ta maimaitawa har sai da na iya yana juya mini baya. Mun ja ciniki, ya rage abin da ya rage, ya ɗora mini da filash, ɗan abin nan kamar yatsa da ake zuba hoto a ciki. Ya ce in riƙa sa shi a aljihu daban da na waya.

Ranar tafiya da safe ɗana ya tare ni a ƙofar gida da motarsa.

"Baba, in wani abu ya same ka, mi za mu ce ma mutane?"

"Ku ce ya tahi gyaran abin da ya ɓata. In kai ni tasha za ka yi, buɗe mota. In ba haka ba, matsa."

Bai buɗe ba. Na tari keke napep.

Tsohon manomin yana ganina ya kwashe da dariya. "Mai wuta ya dawo!" Ya fito da hoton, amma bai sake shi ba, shi ya riƙe mini a inuwar rumfa don kada haske ya yi masa ƙyalli. Na ɗauka sau da yawa. A nan kan tabarmarsa na buɗe kwamfutar, na haɗa igiya, na ja, na sake. Na zuba a filash. Sai da na buɗe kowanne na gani da idona sannan na yarda na sha furar da aka kawo.

Washegari da hantsi na isa Gidan Dare. Ƙanwata tana tsakar gida tana tsince wake da lalube.

"Yaya? Lahiya dai?"

Na ce mu shiga ɗaki, hasken waje ya yi yawa. Na zauna a ƙasa na buɗe, na yi ta ƙara girman gefen hoton har mota ta fita, ango ya fita, fuska ɗaya ta cika wurin. Ta yi dishi-dishi saboda girman, amma shi ne. Na tura mata gabanta. Ta karkata kai, ta kawo idon hagu kusa har hancinta yana neman taɓa gilashin. Ta daɗe a haka. Ni dai ina kallon tabarma.

"Hular ga," ta ce. "Sau nawa nic ce mashi ta tsuhwa."

Ta ɗaga murya ta kira 'yarta ta fari, wadda yanzu ita ma uwar 'ya'ya huɗu ce. "Ke, taho ki ga ubanki." 'Yar ta zo ta durƙusa, ta rufe baki da mayafi.

Da na ga batir ya fara ƙasa, na miƙa hannu zan rufe. Ƙanwata ta ɗora tafinta a kan maɓallan.

"Ina za ka da shi?"

"In kai a wanko maki a takarda, babba, a sa gilashi."

"Ba ka da shi wani wuri?"

"Shina cikin waya, shina cikin hilash."

"To a wanko daga can. Wagga nan taka zamna."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Na nuna wa 'yar yadda ake kunnawa da inda ake sa caja, na ɗauki jakata da darduma a ciki na fito.

Da la'asar ɗana ya zo duba ko na dawo da raina. Ya leƙa jakar ya ga babu komai.

"Baba, ina kwamhutar da anka sai da raguna dominta? Ita ma an sace?"

"Tana Gidan Dare."

"Sai yaushe za a amso?"

"Tahi ka tambayi gwaggonka, in kana iyawa."