Goggo Ummuhani Mai Riga Almuru Zuwa

Idan la'asar ta yi sanyi a Gubuchi, inuwar rumbuna ta miƙe ta haye katanga, lokacin ne Goggo Ummuhani take ɗaure ƙunshinta. Ba wani abu ne a ciki ba: taskira, mazari biyu, guntun alli, da audugar da ta shiɓe tun da hantsi. Ta ɗora a ka, ta ja baƙin mayafinta, ta fito. Ba ta sauri, amma ba ta tsayawa doguwar gaisuwa, ita da in da safe ne sai ta tambaye ka har lafiyar jakinka. So take ta riga almuru shiga gidan da za ta.

Sana'arta kaɗi, kuma masaƙan Makarfi sun san zarenta ko a cikin duhu suka taɓa shi. Amma aikin da ya sa ake wannan magana ba shi da suna, ba a kuma yin sa a kasuwa.

Akwai wani ciwo da ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kumbura ko'ina. Mutum zai wuni yana daka, yana dariya da mutane. Rana na sunkuyawa sai zuciyarsa ta bi ta. Ƙirji ya yi nauyi kamar an aza masa dutsen niƙa, tsoro ya zo ba tare da abin tsoro ba, hawaye ya zubo ba tare da an yi rasuwa ba. Shi ne ya kama Jamila, matar Lado mai noman rake, a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya mutu mata. Lado bai yi sakaci ba. Ya saka ta a mota ya kai ta Zariya, likita ya duba ta ya ba ta ƙwayoyi. Maganin ya yi aiki, a faɗi gaskiya: barci ya dawo, ta koma cin abinci, ta daina kwana zaune. Amma almuru bai san da ƙwaya ba. Kullum sai ya zo ya same ta.

Me mutanen gidan suka yi? Abin da kowa ke yi a nan. Tunda an ce lokacin ne iska ke yawo, sai su tura ta ɗaki, su saki asabari, su jingina turmi a ƙofa. Wadda duhu ke tsoratawa ita suka kai wa duhu tun kafin ya iso. Tana ciki tana jin ana kora awaki, ana kiran yara, ana hura wuta, duk duniya na komawa gida ban da ita.

Wata la'asar Goggo Ummuhani ta yi sallama. Ba wanda ya aika mata, a bakin rijiya ta ji labari. Ta kawar da turmin da ƙafa, ta ɗaga asabari.

"'Yar nan, fito ki riƙe mini auduga, kafaɗata ta gaza."

"Goggo, ba zan iya ba. Mutuwa zan yi."

"To, ki mutu kina riƙe da ita. Ni dai kada ki tsinka mini zare, na masaƙi ne."

Jamila ta ce ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka ba. Ta rarrafo ta fito. Goggo ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda sauran haske yake, ta shafa mata alli a yatsu, ta ɗora mata mazari a taskira.

"Kin sha ƙwayarki?"

"Na sha, Goggo. Ba ta yin komai."

"Kul, kada ki yi mata butulci. Ita ta ɗauko ki daga asuba ta kawo ki la'asar. Ta gaji ne, ita ma 'yar ƙarama ce. Daga nan zuwa lisha namu ne, ni da ke."

Haka aikin nata yake. Ba ta tambayar me ke damunki, don ta san mai ciwon bai san amsar ba. Ba ta cewa ki yi haƙuri, ki dubi waɗanda suka fi ki wahala. Zama take yi, kafaɗa na taɓa kafaɗa, mazari biyu na juyawa suna wani ɗan kuka kamar ƙudan zuma a nesa. Sama ta yi ja, ta koma ruwan makuba. Balbelu su wuce a jere zuwa fadama. Hayaƙin murhu ya kwanta a kan danga, ƙanshin mazarƙwailar da ake dafawa a bayan gari ya shigo ya zauna tare da su. Audugar ce ƙarshen abin da duhu ke ci, tana nan fari fat a cinyar Jamila bayan komai ya dushe, sai ta kafa mata ido, zaren na fita daga cikinta siriri kamar numfashi. Goggo kuwa tana ta surutunta a hankali, labarin kazarta mai kwana a kan turmi, labarin wani masaƙi da ya ce zarenta ya yi kauri ta ce idonsa ne ya tsufa. A kira magariba su yi salla, su koma. Kafin a kira lisha dutsen da ke ƙirjin Jamila ya ɗan ɗaga. Bai tafi ba, ya dai ɗaga yadda mutum zai iya haɗiye tuwo.

Zaren da Jamila ta kaɗa a kwanakin farko ko ɗaurin buhu ba zai yi ba. Goggo ta karɓa ta ce, "Wannan ai igiyar jaki kika yi. Gobe ma a yi wata."

Ba a kan Jamila ta fara ba. A tambayi Hussaina ta Likoro, wadda aka aiko da jaki aka ɗauki Goggo ta je ta yi kaka guda a gidansu. A tambayi mutanen rugar da ke gabas da Saulawa, inda ta zauna da wata matar makiyayi, wannan na Fillanci wannan na Hausa, ba mai fahimtar wata sosai, amma suka riƙa haye almuru tare har matar ta koma tallar nononta. In an tambaye ta ina ta koyo, sai ta ce, "Ni ma almuru ya san gidana," ta ja bakinta.

Ke ce mai riga duhu zuwa, Ummuhani. Ke ce ba ki taɓa cewa kin warkar da kowa ba.

Yanzu a zo ga abin kunyar, don ba za a lulluɓe shi ba.

A daminar bara aka yi wani ruwa tun azahar, rafin da ke tsakanin unguwarta da ta su Lado ya cika ya kawo. Goggo ta tsaya a gaɓa da ƙunshinta a ka tana kallon rana na faɗuwa a bayan hadari, ba hanyar hayewa. A can kuwa an mayar da Jamila ɗaki an jingina turmi. Abin ya zo mata da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ta riƙa dukan ƙofa tana kira, "Goggo Ummuhani! Goggo Ummuhani!" har maƙwabta suka ji.

To, kowa ya san abin da ake cewa a ƙasar nan idan mara lafiya ya kama sunan mutum yana kira: wai mai sunan ne ya kama kurwarsa. Kafin gari ya waye magana ta gama unguwa. Aka ce a lura mana, duk gidan da tsohuwar nan ta shiga da almuru akwai mai kuka a ciki. Ƙwarai kuwa akwai! Gidan da ake dariya za ta je ta yi me? Da wannan hankalin ai ungozoma ma ita ke yi wa mata ciki.

Mai unguwa Sada ya sa aka kira ta ƙofar gidansa bayan la'asar, ga maza ga mata. Aka kwantar da Jamila a tabarma tana cewa, "Ba haka ba ne, kiranta na yi ta zo," aka ce kun ji, har yanzu bakinta a hannun tsohuwar yake. Lado ya sunkuyar da kai.

"Ummuhani," in ji Mai unguwa, "za ki tsallake yarinyar nan ki sakar mata kurwa."

"Ranka ya daɗe, ban riƙe komai nata ba sai mazari."

"Tsallake dai."

Tsohuwar da gwiwa ke ciwo ta tattare zane, ta dubi Jamila ta ce, "Kwanta sosai, 'yar nan, kada in taka ki, ƙafar ba ta ɗaguwa kamar da." Ta tsallake, mutane na kallo. Waɗanda ta raba wa zaren ɗinkin likkafanin iyayensu suna cikin masu kallon. Da ta gama ba su ta duba ba, sama ta duba. Rana ta kusa taɓa kan rake. Ta ce, "Ku kai ta gida da wuri, kuma don Allah kada a rufe ta." Mai unguwa ya yanke cewa daga ranar ba ta ƙara taka ƙofar gidan kowa bayan la'asar.

Aka tsallake ɗin, kurwa ta dawo? Almuru ya zo washegari kamar yadda ya saba, ya sami Jamila a bayan turmi. Tana shan ƙwayarta ba fashi, tana wuni a tsaye, da yamma ta rushe. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Ita kuma Goggo, in la'asar ta yi, sai a gan ta ta ɗaure ƙunshi, ta zo bakin zaurenta ta tsaya, ta koma ta kwance shi.

Sai wata yamma bayan an yanke dawa. Lado ya ɗauko turmi zai jingina, Jamila ta sa hannu ta tare ƙofar.

"Maigida, an hana ta zuwa gidan mutane. An hana mutane zuwa gidanta?"

Lado ya ce, "Ba a ce ba."

"To, matsa."

Matar da ko tsakar gida ba ta iya tsayawa ita kaɗai a wannan lokacin, ita ce ta yafa mayafi ta fita. Ta ce hanya na yin nisa tana matsowa, kukan jemagu a kan ɗorawa kamar da ita suke. Shanu na dawowa daga kiwo, ta ratsa ta tsakiyarsu tana jin ɗumin jikinsu. A bakin rafi ta durƙusa, ta ce nan za ta ƙare. Ta waiga, sai ga Lado can baya yana biye da ita, takalmansa a hannu, bai matso ba bai kuma koma ba. Ta tashi ta haye.

Goggo Ummuhani na zaune a tsakar gidanta ita kaɗai. Ta ɗaga kai ta ga mai sallama, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta matsa gefe a kan tabarma.

"Kin makara. Kin sha ƙwayarki?"

"Na sha, Goggo."

"Zauna. Shi kuma wancan da ke laɓe a zaure, ce masa ya hura mana wuta tunda ya zo."

Yau in ka bi ta ƙofar gidan da yamma za ka ji mazari fiye da biyu. Masu ciwon almuru na zuwa da ƙafarsu, wasu da rakiya, wasu a ɓoye. Jamila ba ta warke sarai ba, tana da yammaci mai sauƙi tana da mai wuya, kuma har yanzu ana kai ta Zariya karɓo magani. Amma ba a ƙara jingina mata turmi ba.

Sai dai maganar Mai unguwa tana nan ba a janye ba. Akwai waɗanda ba za su iya tafiyar da Jamila ta yi ba, suna bayan asabari a daidai wannan lokacin, mai zuwa musu kuma an ɗaure mata ƙafa. Yara har yau suna gudu in sun hango ta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa Mai unguwa Sada wannan da ƙarfi: a gaban jama'a aka kira ta mayya, a gaban jama'a za a wanke ta. Ba aike ba, ba goro a ɓoye ba. Ya tara mutanen da ya tara, ya ce mun yi kuskure, tun tana da rai tana ji da kunnenta.

Ke kuma Ummuhani, Allah ya saka miki, ya sassauta miki gwiwar nan, ya sa ranar da naki almurun zai zo ki sami na kusa da kafaɗarki. Mun gode.

Sauran mu, ba sai mun iya kaɗi ba. Kowa ya san gidan da ake rufe wani a unguwarsu in rana ta sunkuya. Ku tashi tun da sauran haske, ku je ku ɗaga asabarin, ku zauna.