Hudar da Na Toshe a Jikin Jirgin Alhaji

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni mai zane ne a Gwarzo, kuma ba na jin a cikin masu sana'ar akwai wanda ya kai ni ji da kai. Da farko ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ni, ina rubuta allunan hanya da na makarantu, sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka rage mu. Na kafa 'yar rumfa kusa da tasha na koma zane a jikin manyan motoci, zaki ne, giwa ce, damisa ce ta danne barewa, duk abin da mai mota ya nema. Na yi shekaru a haka har hannuna ya faɗa sosai. Amma zuciyata ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Kullum gani nake hannu irin nawa ya fi ƙarfin bayan gingimari, ina ta jiran ranar da zan yi aikin da za a riƙa nuna ni da shi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a sai aikinmu ya sauya. Masu motoci suka riƙa zuwa a goge musu dabbobi a sa furanni da rubutun Larabci. Ana cikin haka wani Alhaji ɗan asalin Kabo, babban ɗan kasuwar hatsi, ya aiko a kira ni. Yana da ƙatuwar gona wajen Gammo, ya kuma sayi wani ƙaramin jirgin sama na hannu mai cin mutum huɗu, ya sa aka share masa fili a gefen gonar inda yake sauka. A jikin jirgin akwai zanen mikiya da mai shi na farko ya yi. Alhaji ya ce malamai sun yi masa magana, yana so a cire ta a sa tambarin kamfaninsa, wato damin dawa da jinjirin wata a samansa, sai sunan kamfanin da boko da ajami. Ban bari ya rufe baki ba na amsa. Kafin in koma Gwarzo na gaya wa kowa a motar hayar da na shiga.

Matuƙin jirgin mutumin Kara ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, kuma duk yankinmu ana alfahari da shi. Mutum ne dogo, marar yawan magana. Ranar da zan fara aiki ya zagaya da ni jirgin a cikin rumfar kwanon da ake ajiye shi, yana nuna mini wuraren da ba a so fenti ya taɓa. A gefen hagu ya tsaya ya ɗora yatsa kan wata 'yar huda da ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ya ce ta nan agogunan jirgi suke sanin nisansa daga ƙasa da kuma gudunsa, in rufe ta da salatif idan zan yi fenti, in cire da zarar na gama. Ya maimaita har sau biyu. Na ce masa na ji, amma a raina haushi na ji, wai ni za a koya wa aiki. Washegari ya tafi Kano kan wasu takardun jirgin, ya bar ni da buroshina.

Da na auna zanen sai hudar nan ta faɗo daidai tsakiyar jinjirin watan. Na matsa da shi gaba, damin ya hau kan ƙofa. Na matsa baya, rubutun ya karkace. Na yi wuni guda ina zagaya jirgin, in zauna in tashi, in fita waje in hango daga nesa in dawo. Ko'ina na tsaya, ɗigon nan nake gani kamar ƙuda a cikin nono. Daga ƙarshe na ɗebo ƙullun da muke cike ramukan jikin mota da shi, na toshe hudar, na goge da sanfefa har wurin ya yi sumul, na bi da farin fenti. Na gaya wa kaina cewa da zarar Alhaji ya gani ya yaba, zan sa allura in buɗe ta. Alhaji ya zo ya gani, ya yaba har ya rasa abin faɗa. Ya kawo abokansa suka gani. Sau uku ina ɗaukar allura ina zuwa gaban watan nan, sai in ce bari dai gobe.

Goben ba ta zo yadda na tsara ba. Da hantsi ina haɗa gwangwanayen fenti sai ga Alhaji da matuƙin a mota ɗaya, wai wata tafiya ta taso masa zuwa Kano. Aka turo jirgin waje. Matuƙin ya fara zagaya shi yana dubawa kamar yadda ya saba, Alhaji kuwa tuni ya shiga ya zauna, yana leƙowa yana cewa ana jiransa, wannan dube-duben ya isa haka. Matuƙin ya juyo ya tambaye ni ko na cire duk abin da na rufe. Allurar tana cikin aljihun rigata, ina jin tsininta a ƙirjina. Na dubi Alhaji, na dubi manoman da suka taru kallo suna nuna zanena, na ce masa na cire. Ya gyaɗa kai ya shiga.

Jirgin ya tashi lafiya, har na fara sauke ajiyar zuciya. Amma maimakon ya miƙe gabas, sai na ga ya karkato yana zagaye. Daga baya na ji cewa tun yana hawa matuƙin ya ga agogunan sun rikice, ya yanke shawarar dawowa. Da ya zo sauka, agogo yana nuna masa gudu ya isa alhali bai isa ba. Muna kallo jirgin ya yi ƙasa kafin ya kawo filin, ya faɗa cikin wata gonar dawa ta wajen Durun, tayar gaba ta karye, ya kife da hanci. Na yi gudu tare da jama'a. Aka ciro Alhaji da tsaga a goshi. Matuƙin kuwa ƙafarsa ta karye wuri biyu. Tun jini na zuba a fuskarsa Alhaji yake faɗa, yana cewa ya ɗauki ɗan gida don ya taimaka masa ga sakayyar da ya samu. Matuƙin yana kwance a kan karan dawa. Ni kuwa ina tsaye da allurar a aljihuna.

Bayan kwanaki aka ɗora jirgin a babbar mota aka wuce da shi. Alhaji ya sallami matuƙin, na kuma ji an karɓe masa takardar tuƙi. Abin da ya fi ci mini rai, duk inda Alhaji ya gan ni sai ya ce a cikin dukan al'amarin nan ni kaɗai na yi masa aiki tsakani da Allah.

Daga nan zama ya gagare ni. Na tashi rumfata daga Gwarzo na koma Kabo, ban cika shekara ba na dawo, na tafi Kano na sake dawowa. In kama aiki in bar shi rabi. Idan na ji ƙarar jirgi a sama, ko a tsakiyar jan layi nake sai hannuna ya kauce. Ba sau ɗaya ba na shiga motar Kara da niyyar in same shi, sai in sauka a hanya in tsaya bakin titi kamar wanda ya yi ɓatan kai. Maiɗakina ta sha tambayata abin da yake korata daga gari zuwa gari, in ce mata kasuwa ce. Sai da aka yi rasuwar Alhaji, na dawo daga jana'iza na kasa shiga gida na kasa tafiya, sannan na zaunar da ita na gaya mata. Sai ta ce ɗaya ya riga ya tafi ban nemi gafararsa ba, kada in bari na biyun ma ya tafi.

Na same shi a Kara da la'asar, yana dogara sanda yana zuba wa shanun kiwo dusa. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da sana'a. Da na fara magana ban ɗaga kai ba har na kai ƙarshe. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ai tun yana asibiti injiniyan da ya duba jirgin ya gaya masa abin da aka samu a hudar. Ya ce ya shaida wa masu bincike cewa haƙƙinsa ne ya ga hudar da idonsa, tsoron faɗan Alhaji ya sa bai duba ba, kuma har yau haka yake gani. Ya ce ambaton sunana ba zai gyara masa ƙafa ba, ga shi ina da 'ya'ya. Sai ya ƙara da maganar da ba zan manta ba: "Malam, toshewar ba ta dame ni ba, kowa yana kuskure. Tambayar da na yi maka ce take dawo mini." Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mini nono, na kasa sha.

Na dawo gida da gafararsa, amma shi har gobe da sanda yake tafiya, kuma bai sake tuƙa jirgi ba. Abin da na gane shi ne, ba rashin sani ne ya kai ni ba, domin an gaya mini har sau biyu. Son a yaba mini ne, da kunyar in ce na yi ba daidai ba a gaban mutane. Ina roƙon 'yan'uwana masu aikin hannu, idan mai abu ya ce kada ku taɓa wuri, ku bar shi ko da zai ɓata kyan aikinku, don ba kowane abu ne muka san amfaninsa ba. In kuma kun riga kun taɓa, ku faɗa tun ana tsaye a ƙasa. Kunyar da na guje wa ran nan ba za ta wuce minti biyar ba, da na ɗauke ta da mutumin nan yana tafiya da ƙafafunsa.