Shekarar da Baba ya sake koyon magana

Mu biyu ne maza a gidanmu na Ƙofar Guga, ni da ƙanena. Na riga shi shiga makaranta, kuma ko shi bai taɓa musun cewa na fi shi lissafi ba. Amma ni na gama ne lokacin da gwamnati ba ta da abin hannu, sai na kama koyarwa a firamare. Shi kuwa gamawarsa ta zo daidai da ɓarkewar kuɗin man fetur, ana neman ɗaliban da za a tura waje. Aka tura shi Ingila karatun sinadaran ƙwaƙwalwa.

Yana can ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ya faɗi ne a rumfarsa ta hatsi a kasuwa, aka kawo shi gida a motar wani maƙwabci. Hannu da ƙafa sun ɗan dawo, magana ce ta ƙi. Yakan buɗe baki, ka ga abin da yake so a idonsa, amma sai gurnani. Ni ke yi masa wanka kafin in tafi makaranta, ni ke ɗaga shi in kai shi bayan gida.

Da damina ƙanena ya zo hutu, da rediyo mai kaset da agogo a hannu. Inna ta yanka masa zakaran da ta daɗe tana hana mu taɓawa. Ya zauna gaban Baba ya dube shi sosai, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, kuna yi masa magana kuwa?"

"Muna gaishe shi. Mi za mu ce da wanda ba ya amsawa?"

Sai ya yi mini bayani, Inna na tsaye tana saurare. Ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna miƙa wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai. Duk mahaɗar da ake yawan bi, akwai sinadarai a cikin ƙwayar da kan tashi su ƙara mata ƙarfi, wadda aka bari kuma sai ta yi rauni. Ya ce a kan ɓeraye suke binciken, ba su gama gane yadda sinadaran ke aiki ba, amma maimaitawa ba za ta cutar da Baba ba, wataƙila ma maganar ta sami wata hanya.

Na gane bayanin tun bai ƙarasa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ni aka tura, da ni ke tsaye ina faɗinsa.

Ƙanena ya fara da kofin ruwa. Ya ɗaga ya ce "ruwa", ya jira, ya sake cewa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa kallon Likita, sunan da suka sa masa, duk da bai taɓa yi wa kowa allura ba. Hutu ya ƙare Baba bai ce komai ba, ƙanena ya koma Ingila ya bar mini kofin.

Na ci gaba bayan kowace la'asar. Ruwa, gero, Inna, salla. Da ma aikina ne maimaita wa yara baƙi har ya zauna, sai dai yara ba sa kuka in sun kasa. Baba na yi. Aka cire amfanin gona, aka shiga bazara, muna abu ɗaya.

Wata ranar Laraba na miƙa masa kofin, ya riƙe hannuna, ya dubi fuskata, ya ce, "Auta."

Haka yake kiran ƙanena. Inna ta saki muciya ta taho da gudu tana hamdala, tana cewa sunan wanda ya warkar da shi ya fara kira. Na tashi na fita ƙofar gida, na daɗe ina kallon shanun da ake korawa ta wajen ganuwa. Na yi farin ciki, wannan gaskiya ne, amma ban iya cin tuwo ba ran nan.

Maganar ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, har ya iya tayin hatsi daga kan tabarmarsa. A kasuwa labarin da ya bazu shi ne ɗansa na Ingila ya buɗe masa baki da ilimin Turawa.

Shekarar da ta biyo baya aka sake neman malamai masu son ƙaro karatu a waje, shugaban makarantarmu ya ce zai tsaya mini. Na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalmomin su fito, amma sun fito sarai.

"In ka tahi, wa za ya riƙe ni?"

Na ce, "Ba inda za ni, Baba." Washegari na gaya wa shugaban ya ba wani damar, aka ba wani malamin aji huɗu ɗan Ƙofar Durɓi.