Agogon Kicin Ɗin Aita

Duk lokacin da na ji ƙamshin citta a cikin shayi mai madara, sai na tuna kicin ɗin maƙwabciyarmu a garin Largo, can ƙasar Turawa. Shekarata tara a lokacin. Mama tana aikin jinya a asibiti, Baba yana tuƙa tasi, don haka ranar Asabar a gidan tsohuwar nan nake wuni. Daga Assam ta ƙasar Indiya ta zo wurin ɗanta. Aita nake kiranta, wato kaka a yarensu.

Ba ta jin Turanci, balle Hausa. Idanunta kuma sun yi rauni, ga ciwon sukari. Akwai agogo rataye a saman firij, amma ba ta ganin hannayensa. Sai ta taɓa kafaɗata ta ce, "Keita bajil?" Da nuni na gane ƙarfe nawa take tambaya.

A lokacin sanyi, in dusar ƙanƙara ta hana mu fita, takan zaunar da ni ta riƙe yatsuna tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya: ek, dui, tini, wato ɗaya, biyu, uku. In na faɗa daidai, ta ba ni wainar shinkafa mai kwakwa. Kalmomi biyu ne suka hana ni sakat. Ɗaya da rabi sunansa der, biyu da rabi kuma arhoi. Babu ek a ciki, babu dui. Kullum sai na juya su, ita kuma ta yi ta dariya tana rufe baki da gefen mayafi.

Wata Asabar da bazara, wajen ƙarfe huɗu, ina kallon talabijin na ji faɗuwar kofi. Na tarar da ita zaune a ƙasa, gumi ya jiƙe ta, hannunta yana rawa. Na kira ɗanta, bai ɗauka ba. Na kira lambar gaggawa kamar yadda Mama ta koya mini.

Ma'aikatan motar asibiti suka zo. Wata mata cikinsu ta durƙusa tana tambayar yaushe ta yi allurar sukarinta ta ƙarshe. Aita ta kalle ta kawai. Ni ban ga lokacin ba, domin a ɗaki take yi, inda take da agogo mai manyan lambobi. Na ɗauko kwalbar allurar na nuna wa Aita, na nuna agogo.

"Arhoi," in ji ta, da ƙyar.

Matar ta juyo ta dube ni. Ɗaya da rabi ne, ko biyu da rabi? Na ga kamar ran Aita yana kan harshena. Na runtse ido na ce biyu da rabi. Matar ta rubuta, suka ɗauki Aita.

Da Mama ta dawo na riƙe rigarta ina kuka. "Mama, in na yi kuskure fa? In ta mutu ni ce."

"Ba ke ba ce, 'yar nan. Sun auna jininta, ba maganarki kaɗai za su bi ba."

Ban yarda ba. Ko tuwo ban iya ci ba. Washegari da hantsi ɗanta ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya gaida Baba, sannan ya sunkuya ya ce mini ta farfaɗo, kuma biyu da rabi ne. Sai na zauna a kan matakala.

Bayan shekara biyu ta koma ƙasarsu, ɗan ma ya tashi daga unguwar. Yanzu 'yata ba ta iya karanta agogo mai hannu ba, waya take tambaya, wayar kuma tana fassara kowane yare nan take. Da a ce akwai ta a ranar, da ban sha wannan tsoron ba. Amma da Aita ba ta taɓa riƙe yatsuna ba. Na so in nemi labarinta da na girma, sai na tarar ko sunanta na gaskiya ban sani ba.