Motar da Ta Taho Daga Ɗaya Hannun

Ban taɓa tuƙa mota na fita daga Kuala Lumpur ba sai a shekara ta biyu ta korona. Kafin nan iyakata kasuwar Sri Petaling da makarantar 'yata, sai wata Asabar ɗin in leƙa Brickfields in sayo kayan yaji a wajen Indiyawa. Duk wata tafiya mai nisa maigidana ke ja, ni ina gefe ina ɓare gyaɗa.

A lokacin yana shekara ta uku a karatun digirinsa na uku, a fannin gina hanyoyi. Bincikensa a kan shingen ƙarfen nan ne da ake kafawa a tsakiyar manyan hanyoyi don ya raba masu tafiya da masu dawowa. Abin da yake son ganowa shi ne ko shingen zai iya riƙe mota idan aka ƙara wa direbobi iyakar gudu. Da dokar kulle ta zaunar da mu a gida, teburin cin abincinmu ya koma ofishinsa. Ina yanka albasa ina jin su da malaminsa a kwamfuta suna ja-in-ja. Malamin yana cewa motocin yanzu sun fi na da ƙwari, a bar mutane su ƙara gudu a hanyoyin ƙauye da ba cunkoso. Maigidana yana cewa a fara duba ƙarfen tukuna. Ni dai zancen yakan shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Sai cutar ta kama shi. Allah ya sa bai kai ga kwanciya a asibiti ba, amma ya tashi da jiri. In ya daɗe a tsaye, ko ya zura wa abu ido, sai ɗaki ya fara juya masa. Likita ta ce kada ya kuskura ya yi doguwar tafiya yana tuƙi. Ga shi kuma akwai wani yanki na babbar hanyar arewa, kafin a kai Ipoh, da dole ya je da ƙafarsa ya auna ya ɗauki hotuna, in ba haka ba babinsa na huɗu ba zai kammala ba. Ya sha wahala kafin ya samo takardar 'yan sanda ta izinin tsallaka jiha, kuma ta kwana ɗaya ce tak.

"Ke za ki ja mu," ya ce da ni.

Na ce, "Ni? A wannan hanyar?"

"Ba kowa a kanta yanzu. Ya fi miki sauƙi a kan cikin gari."

Shekaru tara kafin nan yayana ya rasu a hanyar Kaduna. Wani direba ne ya tsallako daga hannunsa ta wata kafa da mutane suka fasa a tsakiyar titi, suka yi gaba da gaba. Maigidana ya san wannan. Ina ganin shi ya sa bai yarda mun haɗa ido ba.

'Yarmu tana da shekara shida. Ba makaranta, kuma ba maƙwabciyar da za ta karɓi yarinya daga gidan da cutar ta shiga, ban kuma ga laifin kowa ba. Muka ɗaure ta a kujerar baya da littafin zanenta. Na sayo mana tapau, wato abincin da ake ƙunshe maka ka tafi da shi, a shagon mamak, Indiyawa musulmi masu sayar da abinci a ƙasan gidanmu, muka fita wajen ƙarfe takwas na safe.

A shingen bincike na farko ɗan sanda ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya karanta, ya leƙa ya ga yarinya, ya ce boleh, wato za mu iya wucewa, ya ɗaga mana hannu. Da muka wuce tolget sai gari ya ƙare. Babu komai sai itatuwan manja dama da hagu, layi bayan layi, da kwalta baƙa wul wadda ba kowa a kanta. A can ta hagu ake tafiya, sitiyari kuma yana dama. Saboda haka hannun masu gudu shi ne na dama, kuma direba ne ke zaune a jikin shingen tsakiya.

Na kama hannun hagu, na tsaya a tamanin. Allon gefen hanya yana cewa ɗari da goma, amma 'yan motocin da muke gani ba ruwansu da allo. Ba ka ganin tahowarsu a madubi. Sai dai ka ji motarka ta girgiza, kafin ka waiwaya har sun zama ɗigo. Mutane sun yi watanni a kulle, ga hanya fetal, kowa ya saki ƙafa.

"Ki ƙara kaɗan," in ji maigidana. "Rashin gudun ma yana da nasa haɗarin."

"A littafi."

"A littafi da a titi."

Na ƙara zuwa casa'in. Tafin hannuna duk gumi, ina goge ɗaya a zanina in mayar, in goge ɗayan.

Wajen ƙarfe goma sama ta haɗe. Ruwan ƙasar ba ya sallama, ɗigo biyu uku sai kawai a kece. Na kunna waifa har ƙarshe, duk da haka da ƙyar nake gani. A gabanmu akwai wata tirela ɗauke da 'ya'yan manja, tayoyinta suna watso mana ruwa a gilas. Na bi ta a baya kusan minti goma ina tuƙi kamar makauniya. Maigidana ya duba madubi ya ce ba kowa, in wuce ta, zan fi gani. Na sa sigina, na yi bismillah, na shiga hannun dama. Shingen ya dawo daf da kafaɗata, ƙafafunsa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Ina daidai tsakiyar tirelar na hango wata farar mota a ɗaya hannun, tana tahowa daga arewa. Abin da na fara lura da shi shi ne fitilunta ba sa kallon gabanta. Gefe suke kallo. Motar tana tafiya a karkace, tana sulɓi a kan ruwa ba ƙara ko kaɗan, ta juya sau ɗaya, ta miƙo kanta wajenmu. Hagu tirela, dama ƙarfe. Ba inda zan kauce.

"Kada ki taka birki da ƙarfi," maigidana ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Riƙe sitiyarin. Riƙe kawai."

Na ji ƙarar a haƙorana kafin in ji ta a kunne. Shingen ya lanƙwaso cikin hannunmu kamar an tura igiyar shanya da sanda. Wani abu ya daki gilashin gabanmu ya tsaga shi daga sama har ƙasa. Na ga hancin farar motar ya leƙo ta saman ƙarfen, na ga fitilarta ɗaya a fashe, madubin gefena ya tsinke ya tafi. Sai kuma muka wuce. Ba abin da na yi. Hannuwana ne suka ƙage a kan sitiyari, shi ke nan.

Direban tirelar ya rage gudu ya ba ni hanya, na gangara gefe na tsaya. Na kasa cire ƙafata daga kan birki. Daga baya na ji 'yata tana tambaya da Turanci wa ya jefe mu da dutse. Babanta ya ce mata ba kowa, ta ci gaba da zanenta. Ya buɗe ƙofa zai fita, jirin ya kwashe shi, ya dafe motar ya koma ya zauna yana haki.

"Akwai mutum a cikin farar motar nan," ya ce.

Na sani. Na sa takunkumina na fita cikin ruwan. Direban tirelar ya tsaya a bayanmu ya kunna fitilun gargaɗi. Dattijo ne Ba'indiye, gashin kansa fari fat, yana waya yana yi min nuni da hannu in dakata. Ya duba hanya, ya ce yanzu. Na tsallaka hannu biyu da gudu, silifas ɗina ɗaya ya tsaya a tsakiyar kwalta ban koma ba. A raina ba abin da nake gani sai wata motar ta ɓullo daga cikin ruwan nan da irin gudun da suke yi.

Farar motar ta maƙale a jikin shingen, gabanta ya murƙushe, tururi yana tashi. Ƙafafun ƙarfen da yawa sun tumɓuke daga ƙasa. A ciki wata budurwa ce 'yar Malay, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, ɗankwalinta ya zame, jini yana bin goshinta yana shiga ido. Tana numfashi. Na zura hannu ta tagar da ta fashe, sai ta ja jikinta baya.

"Kak, kada ki matso," ta ce. Kak shi ne yaya a bakinsu. Da guntun Turanci da guntun yarensu ta gaya min mahaifinta na kwance a wani asibiti a Kuala Lumpur da cutar, kuma kwana huɗu da suka wuce tana tare da shi. Da safen nan aka kira ta aka ce ta zo maza.

Na tsaya da hannuna a miƙe. Na tuna numfashin maigidana a makonnin baya, yadda nake zama ina ƙirga shi. Na tuna yarinyar da ke cikin motata. Wallahi na ja da baya taku ɗaya. Sai na ga idonta yana lumshewa, kanta yana langaɓewa, jinin kuma bai tsaya ba. Na cire mayafina na dunƙule shi na danna mata a goshi. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Na ce ta yi salati, ta yi, muka yi ta maimaitawa tare. Duk motar da ta taho sai na rufe ido har ta wuce. Dattijon yana can baya cikin ruwa yana kaɗa jan tawul, wasu su rage gudu, wasu sai sun zo daf suke ganinsa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba kafin motar asibiti ta iso. Mutanen cikinta suna sanye da fararen rigunan leda tun daga kai har ƙafa. Suka ɓamɓare yatsunta daga hannuna, suka fesa min magani, ɗan sanda ya rubuta lambar wayata ya ce in killace kaina, za a kira ni gwaji.

Ruwa ya tsagaita. Maigidana ya samu ya miƙe, dattijon ya riƙe masa hannu suka tsallako. Ya tsaya yana kallon shingen, ya tsuguna ya taɓa ramin da wata ƙafar ƙarfe ta fita. Kyamararsa na rataye a wuyansa, bai ɗaga ta ba.

Na ce, "Da motar ta fi haka gudu fa?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ƙarfen ya kai ƙarshen abin da zai iya."

Ba mu ƙarasa inda za mu ba. Amma komawa gida ma sai an tuƙa, kuma ba mai tuƙin sai ni. Na zauna a bayan sitiyari ƙafa ɗaya ba takalmi. Dattijon ya ce in bi bayansa zuwa mafita ta gaba. Na bi shi a hamsin, na juyo, na kama hannun hagu har Kuala Lumpur. Ban wuce ko mota ɗaya ba. A daidai wurin da abin ya faru 'yata ta ce ga takalmin Mama can a titi.

A gida na shige ɗakinta na rufe, 'yata ta koma wajen babanta. Kwana goma ana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Duk tarin da na yi sai na tsaya na saurari ƙirjina. In na rufe ido kuma fitilun nan ne masu kallon gefe. Mahaifiyata ta kira daga Kano ta ce muryata ta canza, na ce mura ce. Wadda ta riga ta binne ɗa ɗaya saboda hanya, ban ga abin da zan gaya mata ba.

Gwajina ya fito ba komai, na biyun ma haka. Bayan kamar mako uku saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Budurwar ce. Ta ce an yi mata ɗinki a goshi, ƙashin kafaɗarta ya karye, ita ma gwajinta bai nuna cutar ba. Mahaifinta ya rasu a ranar, da azahar, tana kan gadon wani asibitin. Ta ce yanzu tana zaune wajen innarta a Cheras, tana so ta kawo min abu.

Ranar Lahadi mai gadin gidanmu ya kira ni na sauko. Tana tsaye a wajen get, hannunta ɗaya a rataye, innar tata, wata dattijuwa, na jiranta a cikin mota. Ba a barin baƙi su shigo, saboda haka ta ajiye leda a kan teburin mai gadi ta koma baya. Sabon mayafi ne ruwan toka, da kwalin alawar shinkafa irin tasu. Ta ce nawa bai wanku ba. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, muka tsaya muna kallon juna ta saman takunkumi. Innarta ta danna hon a hankali. Ta ɗora hannunta mai lafiya a ƙirji, ta juya ta shiga motar, ta zauna a kujerar baya, nesa da sitiyari.